Kifin malam-buɗe-littafi da koɗewar murjani: abin da labarin zafin teku yake nufi

A ranar 15 ga Afrilun 2024 hukumar NOAA ta Amurka, wadda ke lura da teku da sararin samaniya, tare da ƙawancen ƙasashe masu kare duwatsun murjani da ake kira ICRI, sun sanar da cewa duniya ta shiga karo na huɗu na koɗewar murjani a dukan manyan tekuna. Bayan shekara guda, a Afrilun 2025, ƙawancen ya ce zafin da ke iya koɗar da murjani ya taɓa kashi 84 cikin 100 na duwatsun murjanin duniya tsakanin Janairun 2023 da Maris na 2025. Wanda ya ji labarin a rediyo ko ya gan shi a talabijin a Yamai ko Tawa zai iya ɗauka cewa kashi 84 ɗin ne suka mutu, alhali ba haka sanarwar ta ce ba. A hotunan da ke rakiyar irin wannan labari akan ga wani ɗan kifi mai ruwan ɗorawa da fari da baƙin ratsi a ido yana yawo tsakanin rassan murjani. Shi ne kifin malam-buɗe-littafi, wanda masu karatun Faransanci suka sani da poisson-papillon. Kyawunsa ne ke sa a ɗauki hotonsa, amma masana suna bibiyarsa ne saboda wani dalili daban: rayuwar wasu nau'o'insa a ɗaure take da rayuwar murjani, har ana iya gane halin da murjanin ke ciki daga halin da kifin ke ciki.

Mene ne murjani, kuma mece ce koɗewa?

Murjanin da Bahaushe ya saba da shi shi ne jan dutsen adon da ake sawa a wuya, kuma asalinsa wani nau'i ne da ake cirowa daga Bahar Rum. Wanda ake magana a kansa a nan danginsa ne, amma aikinsa gini. Ƙananan dabbobi ne masu taushin jiki, yawancinsu ba su wuce ƴan milimita ba, suna zaune dubbai a manne da juna, kowace tana gina wa kanta mazauni na farar ƙasa mai tauri. Idan na ƙasa suka mutu sai na sama su ɗora gini a kansu, a haka cikin dubban shekaru ake samun tudun dutse a ƙarƙashin ruwa. Mafi girmansu yana gabar arewa maso gabashin Ostireliya, tsawonsa ya kai kimanin kilomita 2,300.

A cikin naman waɗannan dabbobi akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, wadda ke amfani da hasken rana ta haɗa abinci ta ba mai masaukinta mafi yawan abin da yake bukata, kuma ita ce ke ba shi launi. Idan zafin ruwa ya ɗara abin da aka saba gani a watan da ya fi zafi da digiri ɗaya kacal, ya kuma daɗe na makonni, sai zaman ya lalace, murjanin ya kori gansakukar, farin ƙashinsa ya bayyana ta cikin naman. Wannan ita ce koɗewa. Murjanin da ya koɗe yana raye, sai dai yunwa yake ji. Idan ruwa ya huce da wuri yana iya dawo da gansakukarsa ya farfaɗo, idan zafin ya ja lokaci kuma ya mutu. Saboda haka kashi 84 da aka ambata adadin wuraren da zafin ya kai ne, adadin da ya mutu kuwa ya bambanta daga wuri zuwa wuri kuma sai an shiga ruwa an ƙidaya.

Kamanninsa

Dangin wannan kifi, da masana ke kira Chaetodontidae, sun kai nau'i kusan 130. Yawancinsu tsawonsu tsakanin santimita 12 ne zuwa 22, waɗanda suka fi girma a cikinsu kuma ba su wuce 30 ba. Jikinsu a shafe yake ta gefe da gefe, mai faɗi daga sama zuwa ƙasa fiye da na karfasa, ga sirantaka idan aka dube su ta gaba. Wannan sura ba ta gudun dogon zango ba ce. Amfaninta shi ne kifin ya iya kutsawa tsakanin rassan murjani, ya juya a matsattsen wuri, ya tsaya cak a gaban abin da yake tsinta. Bakinsa ƙarami ne mai tsini, da siraran haƙora jere a cushe, kuma a wasu nau'o'in, irin su Forcipiger flavissimus da Chelmon rostratus, bakin ya yi tsawo sosai har yana shiga ramukan da sauran kifaye ba sa kaiwa.

Nau'in da ya fi dacewa a duba da kyau shi ne Chaetodon auriga, domin yana cikin waɗanda suka fi yaɗuwa, daga Bahar Maliya da gabar gabashin Afirka har zuwa tsibiran Hawai. Yana kai santimita 23. Gaban jikinsa fari ne da siraran layuka masu duhu a karkace, jeri biyu da ke haɗuwa suna yin kusurwa, bayansa da wutsiyarsa ruwan ɗorawa ne mai haske. Baƙin ratsi ya sauko daga goshi ya bi ta kan ido har ƙasa, ta yadda da ƙyar ake gane inda idon yake. A ƙarshen fiffiken bayansa akwai baƙin ɗigo, sannan wani siririn zare yana jan baya daga fiffiken idan kifin ya girma. Abin lura shi ne waɗanda ke Bahar Maliya idan sun manyanta ba su da wannan ɗigo. Daga can ɗin ne ma aka fara bayyana shi a rubuce: Peter Forsskål, ɗan ƙasar Suwidin da ke cikin ayarin bincike da Danmak ta tura ƙasar Larabawa, ya bi ta Jidda a 1762 yana tattara kifaye, ya rasu a Yaman a 1763, abokin tafiyarsa Carsten Niebuhr ya buga rubuce-rubucensa a 1775. Ke nan ruwan da ke gaban Jidda, inda alhazanmu da yawa ke sauka, yana cikin gidajen wannan kifi.

A kan amfanin ratsin ido da ɗigon baya, masana ba su zama baki ɗaya ba. Bayanin da ya fi shahara shi ne ratsin yana ɓoye idon gaskiya, ɗigon kuma yana kama da ido, don haka babban kifin da ya kawo farmaki sai ya nufi wutsiya yana zaton kai ne, malam-buɗe-littafi ya tsere ta inda ba a zata ba. Wasu na ganin ɗigon yana razana maharin ne ya ɗauka idon wata babbar dabba yake gani. Wasu kuma sun lura cewa a nau'o'i da yawa ƙananan ne ke da ɗigon, yana ɓacewa idan sun girma, sai suka ce wataƙila alama ce ga manyan danginsu cewa wannan yaro ne, ba abokin gasa ba. Bayani na farko ya fi daɗin faɗa, shi ya sa ya cika littattafai, amma hujjar da aka samu ta gwaji kai tsaye ba ta kai ƙarfin shaharar da ya yi ba.

Mazauninsa, da dalilin ƙarancinsa a gabar da ta fi kusa da mu

Mafi yawan nau'o'in suna zaune a ruwa mai ɗumi, mai haske, wanda zurfinsa bai wuce mita 20 ba, ko da yake akwai ƴan kaɗan da ke sauka ƙasa da mita 100. Cibiyar yawansu ita ce tekun da ke kewaye da Indonesiya, Filifin da arewacin Ostireliya, kuma adadinsu yana raguwa yayin da ake nisa daga nan. Bahar Maliya tana da nata na musamman, kamar Chaetodon semilarvatus mai ruwan ɗorawa da tabo shuɗi-shuɗi a kumatu, wanda ba a samunsa sai can da mashigin Adan.

Gabar Kwatano da Lome, wadda ta fi kusa da mu da tazarar kilomita kusan dubu daga Yamai, ba ta da manyan duwatsun murjani. Koguna irin su Isa da Bolta suna zuba ruwan daɗi da laka a teku, laka tana tare hasken da gansakuka ke bukata, sannan a wasu watanni ruwan sanyi yana tasowa daga ƙasan teku. Duk da haka akwai ƴan nau'o'i a gabar Afirka ta Yamma, irin su Chaetodon robustus da Chaetodon hoefleri, waɗanda ke zaune a wurare masu duwatsu suna cin tsutsotsi da ƙananan halittu.

Abinci, aure da iyaka

Abinci ne ya raba dangin gida uku, kuma wannan rabuwa ita ce mabuɗin fahimtar sauran bayanin. Akwai masu cin ƙananan halittun da ke yawo a cikin ruwa, waɗanda sukan yi garke su tashi sama da dutsen. Akwai masu ci barkatai, irin su auriga, da ke tsintar tsutsotsi, gansakuka da ɗan naman murjani, duk wanda ya samu. Sai kuma waɗanda ba su da wani abinci sai naman murjani mai rai. Fiye da rabin nau'o'in suna taɓa murjani a abincinsu, amma waɗanda suka dogara da shi kacokan ba su kai haka ba. Wanda ya fi kowa tsanani a cikinsu shi ne Chaetodon trifascialis, wanda kusan duk cinsa daga murjani mai shimfiɗaɗɗen kai na dangin Acropora yake, musamman nau'i guda. Yana yini yana tsinke ƴan dabbobin ɗaya bayan ɗaya, ba ya fasa ƙashin, don haka murjani mai lafiya yana mayar da abin da aka ci. Matsalar ita ce Acropora yana cikin murjanin da zafi ya fi saurin kashewa.

Da yawa daga cikin nau'o'in suna tafiya bibbiyu, mace da namiji, kuma an ga ma'auratan da suka shekara da shekaru tare a wuri guda. Idan suka rabu a wajen kiwo sukan ɗago sama su nemi juna. Masu cin murjani sukan riƙe wani yanki su kare shi: idan baƙo ya matso sai mai wurin ya miƙar da ƙayoyin bayansa, ya sunkuyar da kai, ya bi shi da gudu har ya fita iyaka, kuma da wuya abin ya kai ga rauni. An kuma gano cewa suna yin ƙara da jiki da jakar iskar da ke cikinsu, wadda a dangin Chaetodon take haɗe da layin jin motsi na gefen jiki. Ana takaddama kan ko zaman bibbiyun don haihuwa ne ko don tsaron abinci, tunda akan ga biyun da jinsinsu ɗaya, kuma akwai alamun cewa kifin da ke da abokin tsaro yana samun damar cin abinci fiye da wanda yake shi kaɗai.

Da dare suna shiga ramuka, launinsu ya dushe. Haihuwa kuwa galibi da almuru ake yinta: ma'auratan su tashi sama tare su saki ƙwai da maniyyi a ruwa, igiya ta tafi da su, babu reno ko kaɗan. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kimanin kwana ɗaya, ɗan kifin ya yi makonni yana yawo a buɗaɗɗen teku da wasu faranta na ƙashi da suka rufe masa kai, kafin ya sauka a kan wani dutsen murjani ya zauna. Ƴaƴan masu cin murjani suna bukatar murjani mai rai tun ranar saukarsu, don ci da kuma ɓuya.

Shin kifin ma'auni ne na lafiyar murjani?

Tun wajajen ƙarshen shekarun 1970 Ernst Reese na Jami'ar Hawai ya kawo shawarar a riƙa amfani da masu cin murjani a matsayin ma'auni. Tunanin bai yi nisa da abin da makiyayin Abalak ya sani ba, cewa ana gane halin makiyaya daga jikin saniya da nisan da take yi kafin ta ƙoshi. Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce kifin yana da sauƙin ganewa, yana yawo da rana, ba ya barin wurinsa, don haka ko masunci ko ɗalibin da aka koya wa aikin na ƴan kwanaki zai iya ƙidaya shi ba tare da kayan aiki masu tsada ba. Sun ƙara da cewa halayensa suna canjawa kafin ido ya ga lalacewar murjanin: yankinsa ya faɗaɗa, cinsa ya sauya.

Masu suka suna da nasu hujjojin, kuma ba na wasa ba ne. Na farko, murjani ba ya gudu, ana iya auna shi kai tsaye da igiyar awo da kyamara, to me ya sa za a bi ta kan kifi? Na biyu, ba dukan nau'o'in ke amsawa ba, domin masu ci barkatai suna iya ci gaba da rayuwa a kan mataccen dutse, wanda ya ƙidaya su tare da sauran zai samu sakamako mai ruɗi. Na uku shi ne jinkiri. Binciken da Morgan Pratchett da abokan aikinsa suka yi a Ostireliya bayan koɗewar 2002 ya nuna cewa adadin masu cin murjani bai faɗi nan take ba, sai da aka ɗauki lokaci suna ramewa kafin raguwar ta bayyana a ƙidaya. Ma'aunin da ke nuna ɓarna bayan ta auku ba ya aikin gargaɗi.

Wani bincike da Sally Keith ta Jami'ar Lankasta ta jagoranta, aka buga a 2018, ya ba kowane ɓangare wani abu. An lura da kifayen a duwatsun murjani 17 kafin koɗewar 2016 da bayanta, aka ga faɗan kare iyaka ya ragu da kusan kashi biyu bisa uku, tun adadin kifayen bai canja sosai ba. Kifin da abincinsa ya ƙare ba shi da ƙarfin kora, kuma babu abin da zai kare. Abin da za a iya cewa da adalci shi ne hali yana saurin nuna matsala fiye da adadi, amma lura da hali yana bukatar ƙwarewa da lokaci, wanda hakan ke rage sauƙin da aka yi alkawari tun farko. Kifin yana da amfani a matsayin ƙarin shaida kan yadda mutuwar murjani ke ratsa sauran halittu, bai kai ya maye gurbin auna murjanin kansa ba.

Cinikin kifin ado

Ana kama malam-buɗe-littafi da rai ana kai shi Amurka, Turai da Japan don akwatunan gilashi na ado, mafi yawa daga Filifin da Indonesiya. Kusan duka daga teku ake ɗebo su, domin kiwonsu daga ƙwai yana da wuya ƙwarai. Masu kare sana'ar suna cewa tana ciyar da iyalan masunta matalauta kuma tana ba su dalilin kula da dutsen. Masu adawa suna nuni da gubar sayanaid da wasu ke fesawa don sumar da kifi, wadda aka haramta amma ba ta ƙare ba kuma tana kashe murjani, da kuma cewa masu cin murjani zalla yawanci yunwa ke kashe su a cikin akwati. A Hawai kotun ƙoli ta jihar ta dakatar da lasisin wannan kamu a 2017 har sai an yi nazarin illarsa ga muhalli.

Me ya shafi mutumin Yamai da Tawa?

Ta fuskar tukunya, kaɗan ne. Giwan ruwa da tarwaɗar kogin Isa ko tafkin Tabalak ba ruwansu da murjani, kuma daskararren kifin teku da ake sayarwa a kasuwanninmu galibi daga ruwan sanyi yake fitowa. Waɗanda abin zai fara taɓawa su ne ɗaruruwan miliyoyin mutanen gabar teku, ciki har da na Sudan, Jibuti, Kenya, Tanzaniya da Madagaska, waɗanda dutsen murjani ke ba su kifi, yana karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso gidajensu, yana kuma kawo masu yawon buɗe ido kamar yadda ake gani a gabar Masar. Duwatsun ba su kai kashi ɗaya cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan rubu'in nau'o'in halittun teku suna dogara da su. Rahoton kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya yi hasashen cewa idan ɗumamar duniya ta kai digiri 1.5 za a rasa kashi 70 zuwa 90 cikin 100 na murjanin, a digiri 2 kuma fiye da kashi 99. Akwai wuraren da ke ba da ɗan fata, kamar mashigin Akaba a arewacin Bahar Maliya, inda gwaje-gwaje suka nuna murjanin yana jure zafi fiye da na sauran wurare.

Alaƙar da ta fi ƙarfi ta bi ta sama ce. Damina a Sahel tana samuwa ne daga iskar da ke ɗauko laima daga Tekun Atlantika, kuma ƙarfin wannan iska ya dogara da yadda zafi ya rarrabu a saman tekuna. Bincike ya nuna cewa farin da ya addabi yankinmu a shekarun 1970 da 1980, wanda dattawa ke tunawa da yunwar 1973 da ta 1984, yana da nasaba mai ƙarfi da sauyin zafin Atlantika da Tekun Indiya. Shi ya sa cibiyoyin nazarin yanayi na AGRHYMET da ACMAD, waɗanda dukansu a Yamai suke, suna sa zafin saman teku cikin manyan abubuwan da suke dubawa kafin a fitar da hasashen damina. A watan da aka sanar da koɗewa ta huɗu, Afrilun 2024, garin Kayes na Mali ya ga zafin digiri 48.5, kuma daminar shekarar ta zo wa Nijar da ambaliyar da ta kashe ɗaruruwan mutane ta rusa gidaje masu yawa.

Wannan ba ya nufin koɗewar murjani ce ta jawo ambaliya, kuma ba daidai ba ne a ɗora kowace masifar yanayi a kan sababi guda. Abin da ake iya faɗa da tabbaci shi ne tekuna sun shanye kusan kashi 90 cikin 100 na rarar zafin da hayaƙin masana'antu da motoci ya tara a duniya, hayaƙin da rabon Nijar a cikinsa yana cikin mafi ƙanƙanta, kuma wannan zafin ne ke koɗar da Acropora a can yana kuma sauya lissafin ruwan sama a nan. Teku mai ɗumi yana sakin laima mai yawa, abin da masana ke dangantawa da ƙaruwar ruwan sama mai ƙarfi na lokaci guda a Sahel. Ga manomin gero a Adar da mai gida a bakin kogi a Yamai, amfanin labarin shi ne su ɗauki hasashen damina da gargaɗin ambaliya da muhimmanci a shekarun da aka ji teku ta yi zafi fiye da kima.